Jita Marar Nauyi da Aikin Hannun Hagu a Kiɗan Rok

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a bakin masu kiɗan rok, wai jitar lantarki in ba ta da nauyi ba ta da murya. Sukan ɗaga Gibson Les Paul mai kilo 4 zuwa 5, su ce kaurin katakon ne ke riƙe amo ya daɗe bai mutu ba, wanda kuwa ya nemi marar nauyi mai daɗin riƙo, ko dai rago ne ko yaro mai son gudun yatsu. Ban yarda ba. Solo, wato inda mawaƙi ke yin shiru jita ta karɓi waƙar ita kaɗai, hannun da ke kan wuyan jita ne ke yin sa, kuma duk abin da ya gajiyar da kafaɗa ko ya ɗaure wannan hannu ya rage masa armashi, komai tsadar katakon.

Maƙeran jita kansu sun daɗe suna gudun nauyi. Les Paul ta fito a 1952. A 1954 Leo Fender ya fitar da Stratocaster, ya sassaƙe jikinta inda ciki da damtse ke taɓawa. A 1961 Gibson ya sauya wa Les Paul siffa, ya mai da ita siririya mai ƙaho biyu, wadda daga baya aka kira SG, nauyinta wajen kilo 3. Ibanez na Japan ya zo da RG a 1987 da wuya mai kaurin milimita 17 kacal, sannan Parker Fly ta biyo baya a 1993, da kaɗan ta haura kilo 2. Tun farkon shekarun 1980 kuwa Gibson ke huda ramuka a cikin jikin Les Paul a rufe su da katakon sama, don kawai ta rage nauyi. Da nauyi ne sirrin muryar, da kamfanin bai huda ba.

Jitar lantarki ba ƙwarya ke ba ta amo ba. Tsirkiyar ƙarfe ce ke kaɗawa a kan maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya, motsin ya zama lantarki, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi. Katako na da nasa tasiri, amma kaɗan ne in aka gwada shi da na maganaɗisun, da na amfilifaya, da na yatsan mai kiɗa. Dogon amon nan da Gary Moore ya shahara da riƙewa a "Parisienne Walkways", wanda ake yawan kafa hujja da shi, ƙarar lasifika ce ke komowa tana sake girgiza tsirkiyar, shi ya sa inda mai kiɗa ya tsaya a dandamali ke da muhimmanci. Jimi Hendrix ya yi irin wannan da Stratocaster. Kuma Les Paul ɗin 1958 zuwa 1960, waɗanda ake saye da maƙudan kuɗi, galibinsu ba su kai na shekarun 1970 nauyi ba.

Abin da ya kamata a auna jita da shi, a ganina, shi ne tura tsirkiya. Wuyan jita a yanke yake da ƙananan ƙarafa, kowane ƙarfe da sautinsa, babu komai a tsakani. Muryar mutum kuwa tana zamewa ne daga sauti zuwa sauti, kamar yadda mai goge ke jan amonsa har ka ji kamar magana yake yi. Masu kiɗan bulus na Amurka, su B.B. King da Albert King, su ne suka koya wa jita wannan zamiya, rok ya gada. Mai kiɗa zai danne tsirkiya da yatsan zobe, na tsakiya da manuniya su mara masa baya, babban yatsa ya maƙale a saman wuyan jitar, sai ya murza wuyan hannunsa tsirkiyar ta haura, sautin ya tashi a hankali har ya isa inda ake so. In ya isa sai ya riƙe shi yana girgiza shi. A nan ake gane gwani, domin in turin ya gaza ko ya zarce da ɗan kaɗan, kunne zai kama. A saurari David Gilmour a "Comfortably Numb" ta 1979: ba shi da sauri ko kaɗan, sautuka ƙalilan yake turawa ya bar su su yi kuka.

Abubuwa uku a wuyan jita ke sauƙaƙa wannan aiki ko su hana shi. Fuskar wuyan ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, tana da ɗan doro. A tsofaffin Fender doron ya yi yawa, awonsa inci 7.25, sai ya zama in an tura siririyar tsirkiya a can kusa da jikin jitar ta hau tudun ta gogi ƙarfen gaba, amon ya shaƙe, sai dai in an ɗaga tsirkiyoyin sama, abin da ke ƙara wa yatsu aiki. Gibson na amfani da inci 12, Fender na yanzu 9.5, wato doro kaɗan, domin in lambar ta ƙaru doron raguwa yake, kuma bambancin a yatsa ake jin sa. Tsayin ƙarafan ma haka: in suna da tsayi, tsokar yatsa na kama tsirkiyar ba tare da ta goga katako ba. Sai tsawon tsirkiya, inci 24.75 a Gibson, 25.5 a Fender. Gajeriya ta fi laushi in kaurin ɗaya ne. Tony Iommi na Black Sabbath, wanda inji ya yanke wa kan yatsu biyu a masana'anta yana ɗan shekara 17, da SG da siraran tsirkiyoyi ya yi kiɗan da har yau ake misali da nauyinsa.

Wani zai ce ashe ke nan wuyan da ya fi siranta shi ya fi. A nan ma na rabu da shi. Irin na Ibanez an yi shi ne don mai ajiye babban yatsa a bayan wuya yana zuba gudu, irin salon da ya bazu bayan "Eruption" ta Eddie Van Halen a 1978. Mai turi yana bukatar abin da zai cika masa tafi ya dogara da shi, in babu sai jijiyar babban yatsa ta ƙage. Gaskiya ne Les Paul ɗin Jimmy Page da ya fi so an kankare mata wuya, amma wannan hujja ce ta cewa kowane hannu da abin da ya dace da shi. Matsakaicin wuya mai zagaye ya fi karɓar yawancin hannaye, kuma fentin bayansa kada ya kasance mai danƙo in gumi ya zubo.

Shi ya sa nake ganin an rage wa SG daraja. Ƙahonninta biyu sun buɗe hanya har ƙarfe na 22, inda Les Paul ke tare hannu da ƙaton dunƙule. Angus Young na AC/DC, mutum ƙarami, ya shafe shekaru sama da 40 yana tsalle da ita. Aibinta ɗaya ne kuma babba: kanta na rinjaya ƙasa in an sake ta, sai hannun hagu ya koma tallafe wuya maimakon kiɗa. Faffaɗan maratayi na fata mai kaushi yana rage wannan. Stratocaster ta ɗan fi ta nauyi amma ta fi ta zama daidai a jiki, kuma ita ce a hannun Mdou Moctar na Nijar, bahago, wanda ya taso cikin kiɗan bukukuwan aure inda ake kiɗa a tsaye na sa'o'i.

Mai saye ya rataya jitar ya miƙe tsaye, domin a zaune kowace jita daɗi gare ta. Ya saki hannuwansa biyu ya ga ko kanta zai sunkuya. Sannan ya danne siririyar tsirkiya a ƙarfe na 15, ya tura ta har sautin ya haura ƙarafa biyu, ya riƙe yana girgizawa, ya saurara ko amon zai shaƙe. Ya maimaita har hannun ya ɗumi, tunda ciwon babban yatsa ba ya bayyana a minti na farko.