Tsokaci Kan Fim Ɗin Makaɗan Harlem

A shekarar 1958 Art Kane ya tara makaɗan jaz 57 a ƙofar wani gida a Harlem ta Amurka, ya ɗauke su hoto guda. A 1994 Jean Bach ta gina fim a kan hoton, inda waɗanda suka yi saura suka ba da labarin abokan sana'arsu. Armashinsa, a ganinmu, shi ne kowane makaɗi an san shi da sunansa. Aibinsa kuwa, hira ta rinjayi kiɗa. Mu a nan Liman Abaji, idan muka kalli tsofaffin bidiyon Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, sai mu tarar kyamara ta liƙe masa shi kaɗai. Masu kalangu da 'yan amshi suna gefe, ana jin su, ba a san ko su wane ne ba.