Ƙuri'ar Nan Take a Darasin Kimiyya: Sharhi Bisa Dacewarta da Makarantun Tambuwal da Kebbe

Manufar wannan takarda ita ce auna wani ra'ayi da ke yaɗuwa tsakanin masana tarbiyya, wato cewa manhajojin jefa ƙuri'a a aji, irin su Kahoot da Mentimeter, za su warware matsalar koyar da kimiyya a makarantunmu na sakandare. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da aikin Eric Mazur na Jami'ar Harvard a Amurka, wanda ya fito da littafinsa a 1997, da kuma binciken Richard Hake na 1998 a kan ɗalibai 6,542 a kwasa-kwasai 62 na fiziks. A ganina an ɗora wa hujjar kayan da ba nata ba.

Hake bai auna na'ura ba. Abin da ya kwatanta shi ne ajin da malami ke ta bayani shi kaɗai da ajin da ɗalibai ke muhawara, ya tarar ma'aunin ƙaruwar fahimta 0.23 ne a na farko, 0.48 a na biyu. Haka kuma tsarin Mazur yana tafiya ko da ɗaga hannu ko katin takarda. Malami ya jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa shi kaɗai. In ra'ayi ya rabu, kowane ɗalibi ya juya ya shawo kan maƙwabcinsa, sa'an nan a sake ƙuri'a. Ashe ke nan ruhin abin yana cikin tambayar da gardamar da ta biyo baya.

Alal misali, a tambayi ɗan manomi a Dogon Daji ko Kuchi: daga ina karan gero ya samo yawancin jikinsa? Da yawa za su ce daga ƙasa da taki, domin abin da ido ya nuna musu a gona ke nan, alhali kuwa daga iskar da ganye ke shaƙa da ruwa yake gina shi, da taimakon hasken rana. Irin wannan tambaya ita ce ke tono kuskuren da ya yi saiwa. Amma tambayar hadda, wadda Kahoot ke ƙara wa maki gwargwadon saurin amsa, tsere kurum take koyarwa.

Akwai kuma batun harshe, wanda masu yabon manhajojin ba su cika kulawa da shi ba. Da Ingilishi ake rubuta tambayar, da Hausa ko Fulatanci yaro ke tunani. Kalmar "nauyi" a wurinmu ta haɗe abubuwa biyu da fiziks ya raba, haka "zafi", haka "ƙarfi". To, in rabin aji ya zaɓi amsar da ba daidai ba, yaya malami zai gane ko ilmin ne ya kuɓuce ko Turancin? Jadawalin da ke bayyana a allo ba zai faɗa masa ba, sai ya zaga ya saurari gardamar da kunnensa.

Duk da haka ba na musun fa'ida guda mai girma, wato sirri. Kunya takan hana ɗalibi, musamman 'ya mace, ɗaga hannu, sauran kuwa su jira su ga inda gwanin aji ya karkata. Ƙuri'ar ɓoye tana kawar da wannan.

Sai dai Kahoot da Mentimeter suna bukatar waya ko kwamfuta a hannun ɗalibi ko rukuni, da intanet da wuta, abubuwan da ba a dogara da su a ƙauyukan waɗannan ƙananan hukumomi biyu. Plickers ya fi kusa da halinmu, tun da katin takarda ɗalibi ke ɗagawa, wayar malami guda ta karanta. Shi ma katunansa 63 ne kacal, ajin da ya haura haka sai an raba shi biyu.