Tocila Mai Cin Nisa: Mizaninta da Ladabinta

Duk wanda ya tashi a ƙasar Ikara ko Makarfi ko Kudan a zamanin da aci-balbal take mulkin ɗaki, fitilar ƙwai take ta masu hali, tocilar ƙarfe mai batir biyu kuwa maigida kaɗai yake ajiye ta a ƙarƙashin matashi, lalle ba zai rasa mamakin abin da samarinmu suke riƙewa a yau ba. Na zauna a wata majalisa a gefen Hunkuyi bayan sallar isha, a daren duhun wata, na iske samari kowa da tocilarsa, wani ma har uku, suna haska wani rimi da ke can bayan gonar rake, suna gardama a kan wadda haskenta ya fi kama reshen ƙoli. Da na tambaya, sai na fahimci tara su suke yi don sha'awa, kamar yadda wasu suke tara tattabaru, kuma abin alfahari a wurinsu shi ne nisan da haske yake ci.

Ba na cikin masu ganin wannan sha'awa a matsayin wauta, domin a bayanta akwai ilmi mai zurfi. Ƙwayar hasken nan da 'yan kasuwa suke kira LED ta soma ne da ja a Amurka a shekarar 1962, kuma farin haskenta bai samu ba sai bayan da masana uku na ƙasar Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, suka fitar da shuɗiya, aikin da ya jawo musu lambar Nobel a 2014. Ga amfaninta kuma a fili yake: mai ban-ruwan tumatir a fadama da asuba, da mai gadin rake kafin a kai shi murhun mazarƙwaila, da ɗan sintirin da yake zaga unguwa mutane suna barci, duk sun san darajar hango abu tun bai iso ba. Abin da nake kira gare shi kawai shi ne, tunda an shiga harkar da kuɗi da zuciya, a shige ta da mizani.

Farkon abin da ya kamata mai tara tocila ya rarrabe shi ne yawan haske da tsananinsa, domin abubuwa biyu ne mabambanta. Yawan hasken da ƙwaya take zubarwa gaba ɗaya shi ake aunawa da lumen, shi ne kuma lambar da ake bugawa da manyan haruffa a jikin kwali. Amma abin da yake tura haske nesa shi ne yadda aka tattara shi wuri guda, wanda ake aunawa da kandela, wannan kuwa ya dogara ne ga ƙanƙantar ƙwayar da faɗi da zurfin kwanon madubin da ya kewaye ta. Misalinsa kamar ruwan injin ban-ruwa ne: idan ka matse bakin tiyo ruwan bai ƙaru ba, amma ya fi yin nisa. Shi ya sa za ka ga tocila mai ɗan lumen kaɗan da babban kai ta kunyata wadda ta ninka ta a lamba.

Sa'an nan akwai hisabin nisan kansa. Bisa ƙa'idar da masu ƙera tocila suka amince da ita a Amurka a 2009, nisan da ake rubutawa shi ne inda haske ya raunana har ya koma kwatankwacin farin wata a daren goma sha huɗu, kuma ana auna shi ne jim kaɗan bayan kunnawa, batir yana cike. A kan wannan hisabi, mita 500 tana bukatar kandela 62,500, mita 1,000 kuwa tana bukatar 250,000, wato ninka nisa sau biyu yana cin ninkin ƙarfi sau huɗu. Kuma ko lambar ta zama gaskiya, ba ita ce iyakar ganinka ba, saboda dalilin da masani Alhasan ibnul Haisam ya tabbatar a cikin littafinsa Kitabul Manazir kimanin shekara dubu da suka wuce, cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shigo ido. Ashe ke nan hasken tocila tafiya biyu yake yi, zuwa da dawowa, kuma abin da ya komo daga jikin baƙar saniya a mita 1,000 bai isa ya gaya maka ko saniya ce ko kututture ba.

A daren nan na majalisar Hunkuyi wani tsohon mafarauci, wanda ya yi ƙuruciyarsa da fitilar goshi, ya saurari gardamar har ta lafa, sa'an nan ya ce wa mai babbar tocilar, "Yaro, ka ajiye hukuncinka sai hunturu." Hakika maganarsa hikima ce, domin idan hazo ya sauko daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar da ke cikin iska takan mayar wa mai riƙe da tocila da haskensa a fuska, sai ya ga farin sanda a gabansa, abin da yake nema kuma ya ɓuya a bayansa. Na lura cewa haske mai ɗan ruwan ƙwai ya fi wa ido daɗi a irin wannan dare bisa fari mai shuɗi-shuɗi, kuma sauke tocila zuwa kugu, nesa da ido, yana rage dishi-dishin. Haka nan tocila mai tsananin ƙarfi takan ɗau zafi ta rage haskenta da kanta bayan 'yan mintoci, alhali mai gadin gona dare guda cur yake bukata. Saboda haka ina ba samarinmu shawara su auna taku daga majalisar zuwa rimin nan, su gwada kowace tocila da damina da hunturu, a farkon kunnawa da bayan rabin sa'a, su rubuta abin da ido ya gani, domin shaidar da aka samo a ƙasarmu ta fi hujja bisa rubutun kwali.

Saura ladabi, wanda shi ne ya fi damuna. Haske mai cin rabin kilomita yana tsallake katanga da dangar kara, yana shiga tsakar gidan da iyali suke shan iska, alhali shari'a ta umarce mu da neman izini tun kafin ido ya shiga gidan wani, ta kuma girmama suturar musulmi. Wanda ya dallare idon ɗan acaɓa ko direban da ya taso daga Tashar Yari, ko da wasa yake, yana iya zama sanadin rai, kuma dattijon da yake kan hanyar masallaci da asuba bai cancanci a haske masa fuska kamar ɓarawo ba. Tsofaffinmu da raunanan tocilolinsu sun san a haska ƙasa a yi sallama. Wanda Allah Ya hore masa wadda ta fi tasu nisa sau goma, nauyin wannan ladabi ya ƙaru a kansa gwargwadon nisan haskensa. A haska rimi, a haska gona, a haska bakin daji, amma in an hango mutum a sauke hannu.