Matar Mai Haƙar Kwal

'Yan uwana mata, wani tsohon littafi ne ya hana ni barci kwana uku. Ƙanena ya tsinto min fassararsa ta Turanci a kasuwar Jega, bangonsa ma ya yage. Sunansa Germinal, wani Bafaranshe Emil Zola ya rubuta a 1885, a kan leburorin da ke haƙar kwal a arewacin Faransa. Sai da ya shiga ramin da kansa a 1884 kafin ya ɗauki alƙalami, kuma wallahi an gani a aikin.

Maza kan yaba littafin saboda yajin aikin da ke ciki. Ni kuwa matar Maheu ce ta tsaya min a rai. 'Ya'ya bakwai, ga tsohon suruki mai tari yana tofar da baƙin kaki, albashi ba ya kai su ƙarshen sati biyu. Ta je neman bashi wurin mai kanti, shi kuma ɗan banza 'yarta Katarin yake so a turo masa. Wace ce a cikinmu nan Liba ba ta san nauyin ƙafa ba ranar da za a je cin bashin hatsi? A nan marubucin ya burge ni, bai sa ta kuka shafi-shafi ba kamar yadda ake yi a littattafanmu na soyayya, lissafin kwabo kawai ya bar ta tana yi, mai karatu ya yi kukan.

Soja suka harbe mijin. Yunwa ta kashe ƙaramar 'yarta Alzir. Ramin ya cinye Zakari da Katarin. Ƙarshenta ita da ta rantse ba mai komawa, ita ce ta koma ramin tana da shekara 40, don saura su ci.

Amma ina da ƙorafi. Zola ya cika nuna talakan nan tamkar dabbobi, daga giya sai lalata, har wasu shafukan tsallakewa na yi. Talauci kan ci tufa, amma ban yarda yana cinye kunyar gari guda kaf ba. Ga tsawo kuma, bayanin inji kawai ya isa tuwo ya ƙone.

Kada wata ta ce labarin Turawa ne. Ran 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda sun harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu kan maganar haƙƙinsu. Tsakanin 1942 da 1944 kuma an kwashi mazan Arewa aikin tilas a ramukan kuza na Jos, sanyi da cuta suka kashe da yawa. Kowannensu akwai wadda ya bari a ɗaki tana auna sauran gero. Labarin waɗannan matan nake so marubutanmu mata su ba mu, ko da an rage mana motocin Alhaji a babi ɗaya.