Mace Tsakanin Labule Biyu: Nazarin Wani Zanen Pauline Boty ta Fuskar Ra'in Matantaka

1.0 Gabatarwa

Ra'in matantaka yakan yi wa kowane aikin fasaha tambayoyi biyu: wa yake kallo, kuma wa ake kallo? Wannan takarda ta ɗora tambayoyin nan a kan zanen da Pauline Boty, 'yar Birtaniya, ta yi a 1963 mai suna The Only Blonde in the World, wato mace ɗaya tilo mai gashin zinariya a duniya. Zanen yana gidan adana zane-zane na Tate a Landan. Ya fito ne daga salon Pop, wanda ke ɗebo kayan aikinsa daga tallace-tallace da mujallu da finafinai.

2.0 Siffar Zanen

Wadda aka zana ita ce Marilyn Monroe, 'yar fim ɗin Amurka da ta rasu a 1962 tana da shekara 36. Boty ba ta ba ta faɗin allon duka ba. Ta sanya ta a wani siririn fili a tsakiya, tana tafe cikin farar riga da takalmi mai tsini. Dama da hagu kuwa koren fenti ne mai lanƙwasassun zane ja, wanda ya cinye mafi yawan allon. Mai kallo zai ga kamar labule biyu ne aka ɗan yaye, kuma ko yaushe suna iya rufewa.

3.0 Sharhi

Ma'anar zanen tana ƙara fitowa idan aka gwama shi da na Andy Warhol na 1962, Marilyn Diptych. Warhol ya ɗauki fuskar Monroe kaɗai ya buga ta sau 50, rabi da launi, rabi baƙi da fari, tamkar kayan kanti da aka jera a kan kanta. A wurinsa matar ta zama haja. Boty kuwa ta zana ta sau ɗaya, da jikinta, tana motsi. Mai tafiya yana da inda ya dosa, don haka Monroe ta Boty mutum ce mai nufi, ko da yake filin da aka bar mata ƙunci gare shi.

Taken zanen ma akwai habaici a cikinsa. Gashin da aka yi wa kirari ba na haihuwa ba ne, rini ne. Sunan ma na aro ne, domin sunanta na yanka Norma Jeane. Ke nan abin da duniya ta ɗauka shi ne ita, masana'antar fim ce ta ƙera shi, matar gaskiya kuma tana bayan labule.

Boty ta san wannan ciwo a jikinta. Tun tana ɗaliba ake yi mata laƙabi da Bardot ta Wimbledon, saboda kamarta da 'yar fim ɗin Faransa Brigitte Bardot, kyawunta ya riƙa shan gaban aikinta a bakin mutane. Ta rasu a 1966 tana da shekara 28, aka jibge zane-zanenta a rumbun gonar ɗan'uwanta, sai a shekarun 1990 aka sake fito da su. Labulen da ta zana wa Monroe ita ma ya rufe ta kusan shekara 30.

4.0 Kammalawa

Zanen bai musanta kyawun Monroe ba, bai kuma yi mata dariya ba. Abin da ya nuna shi ne yadda ake auna wa mace filin da za ta tsaya. Ɗalibin adabi yana iya ɗaukar wannan ma'auni zuwa ga labari ko waƙa ko fim: idan aka siffanta mace, a duba ko fuskarta kaɗai aka nuna, ko kuwa an bar ta ta yi tafiyarta.