Bashin Ƙasa A Bakin Bahaushe: Nazarin Kalmomi Uku

Jawabin kasafin kuɗin Nijeriya da Turanci a ke rubuta shi, da Turanci kuma a ke karanta shi gaban Majalisa. Amma yawancin mutanen Arewa ba ta nan su ke jinsa ba. Sai ya bi ta hannun masu fassara na gidajen rediyo da jaridu, 'yan siyasa su ɗauka su kai shi dandali, sa'an nan ya isa kasuwa da zaure. Cikin wannan tafiya ne a ke zaɓa masa kalmomin Hausa, da su kuwa talaka zai auna wanda ke da laifi. Nufin wannan takarda shi ne a duba uku daga cikin waɗanda su ka fi yawo tun zamanin Jamhuriya ta Biyu, watau "an ci bashi", da "mun gaji bashi", da "tsuke bakin aljihu". Dukansu Hausa ce mai kyau, ba ta da aibi ta wajen nahawu. Abin da mu ke tuhumarsu da shi shi ne su kan rufe tambayar da ya kamata a fara yi: wa ya karɓo, nawa, yaushe, kuma me a ka yi da shi.

Ya kamata a fara tuna yadda al'amarin ya gudana. A 1978 Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta karɓo rancen dala miliyan 1,000 daga bankunan ƙasashen waje. Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki ran 1 ga Oktoba, 1979, man fetur na da tsada, kuɗi na shigowa. Cikin 1981 mai ya yi kwantai a kasuwar duniya. A shekarar nan Cif Obafemi Awolowo ya rubuta wa Shugaban Ƙasa takarda yana gargaɗi cewa tattalin arziki na gab da durƙushewa, Gwamnati ta musa. A watan Afrilu na 1982 sai ga Gwamnatin ta kawo dokar rage kashe kuɗi da taƙaita shigo da kaya. Ran 31 ga Disamba, 1983, soja su ka karɓi mulki a ƙarƙashin Janar Muhammadu Buhari, su ka ɗora laifin halin da a ke ciki a kan 'yan siyasa. Janar Ibrahim Babangida ya kawar da Buhari cikin Agusta, 1985, ya bar jama'a su ka yi muhawara kan rancen Asusun Ba Da Lamuni na Duniya, a ka ƙi rancen, amma a 1986 a ka kawo shirin SAP mai ɗauke da yawancin sharuɗɗansa. A 1989 ɗalibai da mutanen gari su ka yi bore a birane da dama saboda tsananin rayuwa.

Mu ɗauki ta farko, "an ci bashi". Ƙaramar kalmar nan "an" ita Bahaushe ke sa wa a gurbin mai aiki in bai san shi ba, ko in ba ya so ya ambace shi, kamar abin da malaman Larabci ke kira majhuli. A zaman gida ladabi ce: uwa ta ce "an fasa tulu" don kada ta kunyata yaro gaban baƙi. A zancen dukiyar jama'a kuwa mafaka ce. Cikin "an" ɗin nan guda akwai Gwamnatin Tarayya, akwai gwamnatocin jihohi na jam'iyyu dabam-dabam waɗanda su ma su ka ciwo nasu, akwai 'yan kasuwa masu lasisin shigo da shinkafa, akwai kuma bankunan Turai da Amurka waɗanda kuɗin masu arzikin mai ya cika musu hannu su ke neman wanda zai ranta. Ɗan hamayya ya kan sauya "an" ya ce "sun ci bashi", amma "su" ɗinsa ba ta fi "an" bayani ba, ta dai nuna ɓangare.

Aikatau "ci" shi ma yana da nasa aiki. Yana kawo wa mai sauraro hoton abin da a ka haɗiye ya wuce, ba ya rarrabe tsakanin kuɗin da a ka zuba a ginin Abuja ko masana'antar ƙarfe ta Ajakuta da kuɗin da a ka sayo abinci da shi. Alhali ɗan kasuwar Kurmi ba ya haɗa rance da jari da kayan da a ka ɗauka bashi, kowane da hukuncinsa a wurinsa. Babban rabo na abin da a ke bin Nijeriya cikin 1982 da 1983 irin na ukun nan ne, watau kaya a ka shigo da su ba a biya masu su ba. Akwai kuma wani rabo da ba wanda ya ci. Lokacin da a ka daidaita da ƙungiyar masu bin bashi ta Paris cikin Oktoba, 2005, abin da su ke bi ya kai kimanin dala miliyan 30,000. Su ka yafe kimanin 18,000, Nijeriya ta biya kimanin 12,000. Mai yawa daga cikin jimlar nan kuɗin ruwa ne da tarar jinkiri waɗanda su ka taru a shekarun da gwamnatocin soja su ka tsai da biya. Laifin nan na ƙin biya ne, kalmar "ci" kuwa ba ta iya nuna shi, sai ta mai da shi kan wanda ya fara karɓowa.

Ta biyu, "mun gaji bashi", ita ce kowace sabuwar Gwamnati ta kan buɗe baki da ita. Gaskiya ce a fili, gama ba wanda ya hau mulki tun 1979 ya tarar da littafin babu komi. Amma wanda ya ari kalmar gado ya ari shari'arta. A fiƙihu ba a raba gado sai an ƙididdige abin da mamaci ya bari duka, an fitar da bashin da a ke binsa, sa'an nan magada su sami saura. Magajin da ya zo gaban alƙali yana kukan bashi, ya ɓoye gona da shanu, ba za a saurare shi ba. Gwamnatin da ta gaji bashi ta gaji matatar mai ta Kaduna, da jami'o'i, da hanyoyi, da harajin da zai shigo gobe. Kuma Gwamnati ba ta mutuwa. Sau da yawa waɗanda ke kukan gadon sun zauna a majalisar da ta sa hannu. An sake ganin haka a 2023, sa'ad da Majalisar Dattawa ta amince a mai da naira tiriliyan 22.7 da Gwamnati ta zara daga Babban Banki su zama bashi na dogon wa'adi, ba a cika wata guda ba mulki ya koma hannun wata Gwamnati ta jam'iyyar nan guda, ta janye tallafin man fetur ranar da ta hau.

Ta uku, "tsuke bakin aljihu", ita ta fi daɗin ji, ita kuma ta fi ɓatarwa. Hoton da ke cikinta na maigida ne mai tattali, wanda ya ga damina ba ta yi kyau ba ya rage cefane, ya fara da kansa. Mai aljihun da mai jin yunwar mutum guda ne. A sha'anin ƙasa mutum biyu ne. Cikin 1982 da 1983 malaman makarantun firamare a jihohi da yawa sun yi watanni ba albashi, shekara shida kacal bayan an buɗe shirin ilmin firamare kyauta na 1976. A 1984 an sallami ma'aikata masu yawa, mutane su ka riƙa bin layi don sabulu da madara da shinkafa. Bayan 1986 naira, wadda ta ke kusan kai ɗaya da dala, ta faɗi, albashin malami ya daina isa wata. Kalmar ta ambaci hannun da ya tsuke, ta yi shiru a kan wanda a ka tsuke wa. Haka nan karin maganar nan, bashi hanji ne yana cikin kowa, da ta lallashin maƙwabci ce wanda kunya ta kama. In ta fito daga bakin mai riƙe da baitulmali sai ta raba laifin ga kowa har ya zama ba na kowa ba.

Ba mu ce a kori kalmomin nan daga harshe ba, ba kuma mai ikon yin haka. Masu fassara sun nemi abin da mai sauraro zai gane nan take, sun kuwa samu. Gyaran yana hannun malaman kwalejojin horon malamai. A ba ɗalibai sakin layi guda na fassarar jawabin kasafi, a sa su ja layi ƙarƙashin kowace "an" da kowace "su", su mai da ita suna da shekara da adadi. Inda su ka kasa, su rubuta tambayar da ta rage. Wannan ba baƙon abu ba ne gare su, tun da ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi, da wa'adinsa, da shaidu. Ga masu bincike kuma akwai aiki a tsofaffin kofe na Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1981 zuwa 1989: a bi su shekara shekara, a ga lokacin da kowace kalma ta fara bayyana, da bakin da ta fara fitowa.