Zanen Tufafin Gida: Abin da Ya Cancanci Fenti a Tasawa da Mayahi

Zanen kayan da ba su da rai, wato a jera tulu ko ƙwarya ko mayafi a kwaikwayi siffarsu da fenti, ya bunƙasa a Holan a ƙarni na 17. Masu zane irin su Willem Kalf sun riƙa shimfiɗa dardumar gabas a kan tebur, su ɗora tasoshi a kai. A yau tufa ta fara zama jigon hoton da kanta. Alal misali, mai zane Njideka Akunyili Crosby, haifaffiyar Enugu a 1983, takan sa atamfar biki cikin hotunanta na ɗakuna.

A gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maradi, wannan salo ya dace da wurin. Hoton da babu mutum ko dabba a cikinsa ba ya tayar da ƙurar malamai, jera kaya don ido kuma ba baƙon abu ba ne: duk wanda ya leƙa ɗakin amarya ya ga jeren langa da kwalla, da zannuwa a linke kan gado, an sa wa kowane launi maƙwabcin da ya dace da shi.

Sai dai sabuwar atamfa tarko ce. Adonta aikin masana'anta ne, ko na kamfanin Vlisco da ke Helmond ta Holan tun 1846, ko na Sin da ya cika kasuwa, kuma mai kwafe shi aikin wani yake maimaitawa. Gwaninta tana wajen tufar da ta sha jiki. Majanyi da goyo ya sa tsakiyarsa ta yi laushi, gefunan da ake ɗaurewa suka murɗe. Gammon da aka naɗe da tsohon ɗankwali, nauyin tulu ya danne shi. Baƙin rini da ya koɗe a kan linki amma ya riƙe shuɗinsa a ciki. Fitar da waɗannan sai wanda ya san yadda haske ke kwanciya a kan auduga, abin da ya sha bamban da ƙyallin leshi.

Matsalar ita ce mai saye. Masu fenti a garuruwan nan da allunan teloli da masu aski suke cin abinci, kuma da wuya magidanci ya biya kuɗin hoton zanin da ke rataye a igiyar tsakar gidansa. Kasuwar irin wannan aiki sai an nufi Maradi, ko Yamai, ko Kano.